Shagon Koyon Ɗinki Da Ke Damƙa Wa Yaro Almakashi Tun Bai Gwanance Ba

A yawancin garuruwanmu na karkarar Jigawa, yaron da aka kai koyon ɗinki yakan shafe watanni, wani lokaci har fiye da shekara, yana sharar shago, yana hura gawayin dutsen guga, ana aiken sa sayen zare da maɓalli, amma almakashi yana can a aljihun tebur ɗin maigida, ba ya fitowa sai a hannun maigida. Dalilin a bayyane yake, kuma ba na raina shi: yadi biyar na shadda mai kyau kuɗi ne masu nauyi, kuma yankan da ya kauce ba ya komawa. Sai dai sakamakon shi ne muna yaye teloli masu iya taka keke da ƙafa amma hannunsu na rawa idan aka shimfiɗa musu yadi aka ce su yanka. Wannan sharhi ne a kan wani shagon koyar da ɗinki da ke wani gari a ƙaramar hukumar Taura, ba nisa da kasuwar Gujungu mai ci ranar Lahadi, wanda ya ɗauki wata hanya dabam. Ɗan ƙanena a can yake koyo, ni na tsaya masa a matsayin waliyyi, kuma kasancewata malamin makaranta ta sa na riƙa zama ina kallon yadda ake koyarwar fiye da yadda iyaye suka saba yi.

Shagon ɗaki biyu ne da rumfar kwano a gabansu. Akwai kekunan feda samfurin Butterfly, irin waɗanda kowane tela a ƙasar nan ya fara da su, da babban keken lantarki guda ɗaya samfurin Juki, da keken surfani guda, da faffaɗan teburin yanka a tsakiyar rumfar. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba a cika tayar da janareta ba sai aiki ya matse, don haka galibin koyon a kan feda ake yin sa, da daddare kuma ana amfani da fitilun sola. Kuɗin koyon bai kai abin da mutum zai kashe wajen sayen shaddar Sallah ɗaya mai daraja ba, kuma mai shagon, wanda kowa ke kira Malam, yana karɓa kashi-kashi, har ma yakan jira iyayen yara su sayar da riɗi ko zoɓo da kaka. Wannan sauƙin kaɗai ya isa a yaba, amma ba shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya bambanta wurin shi ne, a cikin makonnin farko Malam yake miƙa wa yaro almakashi. Ya tsara abin hawa-hawa ta yadda asarar kuskure take daidai da ƙarfin mai yin sa. Ana farawa da takardar buhun siminti da aka kakkaɓe aka miƙar, a zana wuya da kafaɗa da hammata da alli a yanka. Daga nan sai tsofaffin zannuwan gado na gwanjo, sannan yadi mai arha na kayan makaranta, sai kayan ƙananan yara, sai jamfa da wandon manya, shadda kuwa ita ce ta ƙarshe. A kowane mataki an san yaro zai ɓata wani abu, an kuma riga an ware abin da zai ɓata. Ba a jiran ya daina kuskure gaba ɗaya kafin a ɗaga shi zuwa mataki na gaba. Abin da ake jira shi ne ya iya gane kuskurensa da idonsa ya faɗi inda ya samo asali.

Na ga wannan da idona wata ranar Asabar da hantsi. Wani yaro, sabon zuwa, ya yanka wuyan kaftani a jikin zanin gwanjo, sai ramin wuyan ya faɗa gefe guda da kusan faɗin yatsa biyu, domin bai daidaita ninkin yadin ba kafin ya sa alli. Ya tsaya ya ƙame, ya ɗora hannu a kan wurin kamar mai rufe rauni. Malam ya ajiye abin da yake yi ya matso, ya ce, “Ɗaga hannunka, yarona, mu gani. A ina almakashin ya fara bin wata hanya?” Yaron ya nuna bakin ramin. Malam ya girgiza kai ya ce, “A nan ya fito fili. Koma baya.” Suka warware ninkin tare, har yaron da kansa ya gano cewa gefen ƙasa ya zame tun kafin a zana komai. Sai Malam ya ɗauko wani zanin ya miƙa masa, ya koma kan kekensa. Duk abin bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba, ba a ɗaga murya ba, kuma sauran yaran ba su tsayar da aikinsu don kallo ba, abin da ya nuna mini cewa irin wannan a wurinsu ba labari ba ne.

Malam bai taso da wannan hali ba, kuma shi da kansa yake ba da tarihin. Ya yi shekaru yana aiki a Fagge, cikin birnin Kano, inda telolin da suka amsa sunansu suka yi yawa, ya dawo gida ya buɗe nasa shagon da abin da shi yake kira ƙaƙale. Shi kaɗai yake awo, shi kaɗai yake yanka, kuma yakan farke ɗinkin da ba mai ganin aibinsa sai shi, ya sake shi sau biyu ko uku. Idan azumi ya raba tsakiya sai kaya su taru a gabansa, yara suna zaune ba aikin yi domin komai yana jiran hannunsa, daren Sallah kuma mutane su zo su tarar da yadinsu ko yankawa ba a yi ba. Yaran da suke da basira suka riƙa guduwa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ya lura cewa rigar da ta fi kowace kyau a cikin kansa ba ta amfani mutumin da ya je Idi da tsohuwar riga ba, kuma cika alkawarin ranar karɓa yana cikin ingancin aiki kamar yadda miƙewar kalmasa take cikinsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nazarin wannan ciwo. A 1991 wasu masana biyu ’yan Kanada, Paul Hewitt da Gordon Flett, sun kasa tsananin neman kamala gida uku: wanda mutum ke ɗora wa kansa, wanda yake ɗora wa na kusa da shi, da wanda yake jin jama’a sun ɗora masa. Na farko da na biyu su ne suka kama Malam a da. Na ukun kuwa shi ne ya fi ƙarfi a ƙauyukanmu, inda kowa ya san kowa, inda rigar da ta karkace za a gan ta a masallacin Juma’a a kuma san daga shagon da ta fito. Mun tashi muna jin cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, magana ce mai hikima a muhallinta, amma idan aka shimfiɗa ta a wurin koyo sai ta haifar da mutanen da ba za su taɓa tashi ba, domin rawar farko ta kowa muguwa ce. Ina ganin wannan a cikin aji kullum: yarinyar da ta san amsa amma ba za ta ɗaga hannu ba, da ƙaramin malamin da ba zai gwada sabuwar hanyar koyar da lissafi ba don kada mai duba makarantu ya tarar da ajinsa a hargitse.

Doka ɗaya ce a shagon da Malam ba ya sassautawa a kanta, kuma a ganina ita ce ƙashin bayan tsarin gaba ɗaya. Kuskuren da aka kawo masa ba ya da hukunci, amma kuskuren da aka ɓoye yana da shi. Yaron da ya ƙona hannun riga da dutsen guga ya zo ya faɗa, za a zauna a nemi gyara. Wanda ya ninke ƙunar ciki ya sa a leda, zai koma kan takardar siminti na wani lokaci. Binciken da Amy Edmondson ta Jami’ar Harvard da ke Amurka ta yi a asibitoci a tsakiyar shekarun 1990 ya gano abin da ya yi kama da wannan: sassan da suka fi samun kyakkyawan shugabanci su ne aka fi samun rahoton kuskuren ba da magani a cikinsu, domin ma’aikatan jinyarsu ba sa tsoron faɗa, a inda shugaba yake da zafi kuwa kuskuren yana nan amma bakin kowa a rufe. A kamfanin motoci na Toyota da ke Japan ma an san ƙaramin ma’aikaci yana da ikon jan igiya ya nemi a dakata da layin haɗa mota idan ya ga matsala. Malam bai karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, asarar yadi ce ta koya masa cewa ɓarnar da aka gani da wuri tana gyaruwa da ɗan ƙyalle, wadda mai kaya ya gano a gidansa kuwa sunan shago take ci.

Kowace Alhamis bayan la’asar ana sauko da wani kwando da ke rataye a bango, cike da guntayen aikin da ya ɓaci a makon: aljihun da aka ɗora a karkace, tazugen wando da ya matse, wuyan da ya yi tattara. Kowane yaro ya ɗauki nasa ya bayyana abin da ya faru da abin da zai yi dabam. A ƙasan kwandon akwai wani tsohon gaban babbar riga mai aska takwas, aikin Malam ne na shekarun baya, wanda zanen ya gudu daga tsakiya, kuma duk lokacin da aka samu sabon yaro sai ya fito da shi ya yi bayaninsa kafin kowa ya yi magana. An ce wanzami ba ya son jarfa, kuma na san shugabanni da yawa, a makarantu da ƙungiyoyin manoma da kwamitocin masallaci, da suka gwammace aiki ya lalace da a ce sun yi kuskure a gaban na ƙasa da su. Ban ga alamar wannan tsohon ƙyalle ya rage wa Malam kwarjini ko kaɗan ba.

Gwajin gaskiya na irin wannan tsari yana zuwa ne ranar da kuskuren ya faɗa kan dukiyar wani. Ana saura ’yan kwanaki ƙaramar Sallah, ɗaya daga cikin manyan yaran ya yanka hannun rigar wani dattijo ya gaza da kusan inci biyu, a jikin farar shadda, saboda ya karanta awon wani mutum dabam. Ya kawo da kansa. Malam ya ɗauki rigar, ya ce yaron ya biyo shi, suka tafi gidan mai kayan bayan sallar isha’i. Abin da ya faɗa, kamar yadda dattijon ya maimaita mini daga baya, shi ne, “Ranka ya daɗe, Alhaji, mun ɓata maka hannun riga a shagona. Ko dai mu ƙara masa baki da surfani ya rufe, ko in sayo maka wani yadin daga Kantin Kwari gobe, zaɓi naka ne.” Bai ce yaro ne ya yi ba, ko da yake yaron yana durƙushe a gefensa. Alhaji ya zaɓi surfanin, kuma washegari wannan yaron dai aka ba shi ya yanka wata shaddar. Wannan mataki na ƙarshe shi ya fi burge ni, domin da an janye shi daga teburin yanka, da sauran yaran sun fahimci cewa dokar faɗin gaskiya a baki kawai take.

Wani zai ce ai wannan sake ne, kuma addini ya umarce mu da kyautata aiki. Haka ne, an ruwaito cewa Allah yana son idan ɗayanmu ya yi aiki ya kyautata shi. Amma a cikin Bukhari da Muslim akwai shaidar Anas bin Malik, Allah ya yarda da shi, cewa ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 bai taɓa ce masa “tir” ba, bai kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. A cikinsu kuma akwai hadisin da ya ce alƙali idan ya yi ijtihadi ya dace yana da lada biyu, idan ya yi ijtihadi ya kuskure yana da lada ɗaya. Kyautata aiki da haƙuri da kuskuren mai ƙoƙari a wuri guda aka koyar da mu su. Game da ingancin kayan shagon kuwa, na juya rigunan da aka ɗinka wa iyalina ciki da waje: kalmasa a miƙe take, ɗinkin hammata yana da ƙarfi, wuya yana zama a kafaɗa ba ya ɗagewa. Malam yana duba abubuwa uku kafin kaya su fita, wato awo, zaman wuya da ƙarfin ɗinki, abin da ya wuce waɗannan in ba mai kaya zai gani ko ya ji a jikinsa ba, sai ya ce ya isa a goge a ninke.

Ta fuskar ƙirƙira ma akwai abin lura. Yaran yanzu suna ganin sababbin salon ɗinki a wayoyinsu, a Facebook da Instagram, hotunan da aka ɗauka da haske mai kyau a jikin yadi mai tsada, sai su dubi nasu aikin gwiwarsu ta yi sanyi. Malam ya ware musu yammacin Laraba su yi abin da suka ga dama da ragowar ƙyallaye, ba tare da an ba su samfuri ba. Gaskiya yawancin abin da ke fitowa ba ya sawuwa, wasu ma munana ne. Amma daga nan ne wani salon aljihun ’yar shara ta yara ya fito, wanda yanzu ake ɗinkawa da yawa ana kaiwa Gujungu. Haka kuma kowane mako ana ɗora ɗaya daga cikin manyan yaran a kan teburin yanka, shi zai raba aiki, shi zai karɓi kayan mutane ya sa ranar karɓa, Malam yana gefe ba ya tsoma baki sai an tambaye shi ko ya hango asara babba. Ɗan ƙanena, wanda da farko ko gaisuwa da ƙyar take fita daga bakinsa, na ji shi yana gaya wa wata dattijuwa, “Inna, kayan jikokin nan ba za su samu ranar Talata ba, sai Alhamis, gara in faɗa miki yanzu.” Iya faɗin wannan ba tare da tsoro ba rabin sana’ar tela ne.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma shagon yana da gyare-gyare na gaske. Mafi girma shi ne rashin tsarin rubutu. Awon mutanen gari duka a cikin tsohon littafi guda yake, sunaye na maimaituwa, babu kwanan wata, kuma kuskuren rigar Alhaji daga nan ya samo asali. Wurin da ya ƙware wajen karɓar kuskure ya kamata ya ƙware wajen toshe ƙofar da kuskure iri ɗaya yake shigowa ta cikinta, kuma ɗan kati da za a maƙala a jikin kowane yadi da allura zai magance wannan. Na biyu, zaman kwandon Alhamis bai dace da kowane yaro ba. Akwai masu tsananin kunya waɗanda magana a gaban tsararsu ta fi musu duka zafi, kuma na taɓa ganin an yi wa wani dariya a lokacin da Malam ya fita amsa sallama. Irin waɗannan yara suna bukatar a fara jin nasu a keɓe. Na uku, ba kullum ake gaya wa mai kaya cewa almajiri ne zai yanka masa ba, alhali haƙƙinsa ne ya sani ya kuma zaɓa, ko da za a rage masa kuɗin ɗinki.

Akwai kuma abin da ya fi damuna a matsayina na mai ’ya’ya mata. Babu gurbin ’yan mata a shagon. Mai ɗakin Malam tana koyar da wasu a cikin gida da keke ɗaya, amma ba tare da teburin yanka da wannan tsari na hawa-hawa ba, alhali su ne za su riƙa yanka turmin atamfa mai yadi shida da ba a samun ragowa idan ya ɓaci, kuma su ne al’adarmu ta fi tsorata da abin da mutane za su ce. Keken surfani guda ɗaya ma ya yi kaɗan, yaro yakan daɗe bai samu zama a kansa ba, rumfar kwanon kuma tana da zafi ƙwarai a watannin Maris da Afrilu. Ba a kuma koyar da lissafin kuɗin aiki yadda ya kamata, wato yadda tela zai haɗa kuɗin zare da gawayi da lokacinsa ya fitar da farashi.

Duk da waɗannan, ina ba iyaye shawarar su kai ’ya’yansu, musamman yaron da yake da hannu amma tsoro ya yi masa yawa, ko wanda ya daɗe a wani shagon bai wuce guga da saka maɓalli ba. Wanda yake neman a koya wa ɗansa surfanin zamani cikin gaggawa gara ya duba Kano ko Hadeja. Masu riƙe da jama’a, shugabannin makarantu da na ƙungiyoyi, za su amfana idan suka nemi izini suka zauna a rumfar wata Alhamis da la’asar. Malam ba ya ɗaukar sababbin yara daga watan Sha’aban har zuwa bayan Babbar Sallah, domin a lokacin ba shi da sararin tsayawa a kan mai farawa, don haka watan Muharram ne lokacin zuwa. Yaro zai zo da tef ɗin awo da allinsa da tsofaffin zannuwa biyu ko uku daga gida, almakashi kuwa a shagon ake ba shi.